Mako takwas a wata cibiyar share fagen IELTS a Kano: abin da kuɗina ya saya mini

Ni ma'aikacin jinya ne, kuma na shekara tara ina aiki a wani asibiti a cikin birnin Kano kafin na yanke shawarar neman rajista da NMC, wato hukumar da ke ba ma'aikatan jinya da ungozomomi izinin aiki a Birtaniya. Sharaɗin hukumar a kan Turanci a bayyane yake: wanda ya zaɓi IELTS, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci, sai ya sami maki 7 a karatu, 7 a sauraro, 7 a magana, da aƙalla 6.5 a rubutu, sannan jimillarsa ta kai 7. A karon farko na shirya da kaina a gida, da wayata da wasu takardu da wani abokin aiki ya ara mini, na fito da 7.5 a sauraro, 7 a magana, 6.5 a karatu, 6 a rubutu. Idan aka haɗa aka raba huɗu ana samun 6.75, wanda tsarin jarrabawar ke ɗagawa zuwa 7, saboda haka takardar sakamakona ta fito da 7 ɓaro-ɓaro a samanta, amma ba ta da wani amfani a wurin hukumar da nake nema. Damar sake zama sashe ɗaya kaɗai, wadda aka tanadar wa masu rubutawa a kwamfuta cikin kwana 60, ita ma ba ta fisshe ni ba, tunda sassa biyu ne suka kayar da ni. Wannan ne ya kai ni ga biyan kuɗin darasi a cibiyar da zan yi bayani a kanta, wadda ba zan ambaci sunanta ba domin akwai abubuwan da zan soka.

Cibiyar tana hawa na biyu ne a wani benen shaguna, da ɗakuna uku: aji ɗaya babba, ɗakin kwamfuta, da ɗan ofis. Ana shiga darasi sau huɗu a mako daga bayan La'asar zuwa kusan Isha'i, ana tashi a yi Magariba a dawo, wanda ya dace da masu aikin safe irina, ko da yake duk makon da na faɗa aikin dare sai na zo aji idona na rufewa. Mu 26 ne a zangonmu. Janaretansu bai taɓa ba mu kunya ba, fankoki suna aiki, kuma an ware wa mata layukan gaba ba tare da wani ya roƙa ba. A kan tsabta da kiyaye lokaci ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Sashen karatu shi ne inda cibiyar ta ci kuɗinta halak malak, kuma dalilin mutum ɗaya ce, wata malama dattijuwa da ta daɗe tana koyar da Turanci a makarantar sakandare kafin ta yi ritaya. A ranar farko ba ta buɗe takarda ba, sai ta rubuta lissafi a allo. Matani uku ne, tsawonsu gaba ɗaya tsakanin kalma 2,150 da 2,750, tambayoyi 40, minti 60, kuma babu ƙarin lokacin kwafe amsa. Mai neman maki 7 a nau'in jarrabawar na masu neman ilimi da aikin ƙwararru yana bukatar amsa kusan 30 daidai, mai 23 kuwa yana wajen 6. Sai ta juyo ta ce mana ma'anar wannan ita ce an yafe mana tambaya goma tun kafin mu zauna, don haka duk wanda ya ɓata minti biyar yana kokawa da tambaya ɗaya ya sayar da akuya ne don ya sayi igiyarta. Kuma tunda ba a rage maki a kan amsar da ba daidai ba, barin gurbi babu komai asara ce da mutum ya jawo wa kansa. Na san waɗannan alƙaluma tun kafin na zo, amma ban taɓa mayar da su tsarin aiki ba sai a hannunta. Ta sa muka riƙa ba matani na farko minti 15 zuwa 17, domin a tara wa na ƙarshe lokaci, kuma tana tsaye da agogo, in ta ce a wuce to a wuce ko da mutum yana tsakiyar jimla.

Abin da ya fi amfanata shi ne yadda ta warware mini tambayoyin nan da ake ba mutum jimla a ce ya zaɓa ko gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko kuma ba a faɗa ba. A nan ne na zubar da yawancin makina a zaman farko, kuma ban gane dalili ba sai ranar da ta kawo wani matani da ta tsara da kanta a kan zazzaɓin cizon sauro. Matanin ya yi bayanin yadda likitan nan na Birtaniya, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya a shekarar 1897. Ɗaya daga cikin jimlolin tambaya ta ce Ross ya sami kyautar Nobel saboda wannan aiki. Ban yi wata-wata ba na rubuta gaskiya, domin na karanta tun ina makarantar koyon jinya cewa ya karɓi kyautar a 1902. Da ta ce amsar ita ce ba a faɗa ba, na ɗaga hannu ina musu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, ai ban ƙaryata ka ba. Nuna mini layin da takarda ta faɗi haka." Na duba sama da ƙasa, babu. Ta ce ba abin da na sani ake tambayata ba, abin da marubucin ya rubuta ake tambayata, kuma ma'aikatan lafiya da malaman makaranta su suka fi faɗawa wannan rami saboda sun zo da ilimi a ka. Daga ranar ta kafa mana doka: kowace amsa sai mutum ya ja layi a ƙarƙashin wurin da ya samo ta, ƙarya ita ce wadda matani ya faɗi kishiyarta, wadda kuwa matani ya yi shiru a kanta, ko da duniya duka ta san haka ne, ba a faɗa ba ce.

Haka kuma ta raba mu da ɗabi'ar farautar kalma, wato mutum ya ga kalma a tambaya ya ruga neman irinta sak a cikin matani. Masu tsara jarrabawar kusan kullum suna sauya lafazi ne su bar ma'ana, kuma sau da yawa inda kalmar ta bayyana sak tarko ne. Kowace Alhamis sai ta sa mu cika shafi biyu, hagu yadda tambaya ta faɗi abu, dama yadda matani ya faɗe shi. Aiki ne mai gundura, har wasu suka daina yi, amma zuwa mako na biyar ina samun tsakanin 31 da 33 a gwaje-gwajen da muke yi da agogo. Abu ɗaya da zan ce bai gamsar da ni ba a ajinta shi ne tambayoyin haɗa kanun magana da sakin layi, waɗanda ta ba kwana biyu kacal alhali suna cin lokaci fiye da kowane iri.

Labarin rubutu daban ne, kuma a nan ne nake ganin duk mai shirin biyan kuɗi ya kamata ya tsaya ya yi tambaya kafin ya zaro ko kwabo. Malamai biyu ne suke riƙe da sashen. Na farko matashi ne mai kuzari da iya magana, wanda ya taɓa zama jarrabawar ya ci da kyau, kuma shi ke ɗaukar uku cikin kowane darasi huɗu. Hanyarsa ita ce ƙwarangwal: ya raba mana shafuka ɗauke da jimlolin buɗewa, da na shiga sakin layi, da na rufewa, ya ce a haddace, ranar jarrabawa sai a cusa batun da aka bayar a cikin guraben. Ɗalibai suna son sa ƙwarai, domin ya ba su abin riƙewa, kuma ba zan ce babu amfani ko kaɗan ba, tunda wanda bai taɓa sanin cewa insha'i yana da gabatarwa da ciki da kammalawa ba zai ƙaru. Matsalar ita ce ma'aunin da masu duba takardu suke bi ba ɓoyayye ba ne, an wallafa shi kowa na iya saukewa kyauta a intanet, kuma abubuwa huɗu yake aunawa da nauyi iri ɗaya: amsa abin da aka tambaya, tsari da haɗuwar magana, yalwar kalmomi da dacewarsu, sai nahawu. An kuma horar da masu dubawa su gane haddatattun jimloli, kuma ba sa ƙirga su a matsayin iyawar ɗalibi. Mutum 26 da suka buɗe insha'i da jimla iri ɗaya, suka rufe da iri ɗaya, babu abin da suka nuna sai ƙarfin hadda, wanda mu da muka taso a makarantar allo da Islamiyya dama ba mu rasa shi ba.

Malami na biyu dattijo ne mai ƙarancin magana da ke zuwa ranar Asabar kawai, kuma shi ne yake duba rubutu da jan biro. Insha'ina na farko da ya dawo mini da shi, sakin layin farko gaba ɗaya ya zagaye shi ya rubuta a gefe cewa har yanzu ban ce komai ba. Da na same shi bayan darasi na ce, "Malam, ai shimfiɗa ce," sai ya yi murmushi ya ce shimfiɗa a zauren mai unguwa ake yin ta, a nan kuwa minti 40 gare ni da kalma 250, kuma mai dubawa yana son ya san inda na tsaya kafin ya gama layi na huɗu. Wannan magana ta taɓa wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Mu Hausawa tarbiyyarmu ce mu kewaya kafin mu iso ga magana, mu yi kara, mu ba kowane ɓangare haƙƙinsa, mu bar mai sauraro ya tsinci ra'ayinmu da kansa. A wurin taro wannan dattaku ne, amma ma'aunin jarrabawar ya ce mai neman 7 sai matsayinsa ya fito fili tun daga farko har ƙarshe. Ga kuma gadon WAEC, inda aka saba da insha'i mai kalma 450 kuma malamanmu na sakandare suka koya mana ƙawata shi da karin maganar Turawa da manyan kalmomi. Dattijon ya soke mini irin waɗannan guda shida a shafi ɗaya, ya ce kalma ƙarama da ta zauna daidai ta fi babba da aka jawo da ƙarfi.

Shi ne kuma ya fitar mini da kurakuran da nake maimaitawa ba tare da na sani ba, ya ce in daina neman sababbin kalmomi in gyara waɗannan tukuna. Na farko shi ne ƙananan kalmomin nan, the da a, waɗanda nake zubar da su inda ake bukata in kuma saka su inda ba a so. Na biyu shi ne jam'inta kalmomin da Turanci ba ya jam'intawa, irin na bayani da shawara da kayan aiki, wanda ya zama ruwan dare a Turancinmu na Najeriya har ba ma jin sa a matsayin kuskure. Na uku shi ne doguwar jimla da nake ɗinkawa da waƙafi har layi biyar, kamar yadda nake yi a Hausa ba tare da wata matsala ba. Ya sa na buɗe shafi a bayan littafina mai suna laifuffukana, kuma minti uku na ƙarshen kowane rubutu waɗannan ukun kaɗai nake farauta.

A aikin farko na rubutu, wato bayanin jadawali ko zanen ƙididdiga cikin aƙalla kalma 150 a kusan minti 20, ya ba ni misalin da ya zauna mini fiye da duk shafukan da aka raba mana. Ya tambaye ni yadda nake miƙa majiyyaci ga wanda zai karɓe ni aiki, na ce ina fara faɗin halin da yake ciki gaba ɗaya, ya samu sauƙi ko jiki ya tsananta, kafin in shiga awon zafin jiki da hawan jini. Ya ce to haka ake yi wa jadawali, a fara faɗin babban abin da ya nuna cikin jimla biyu, sannan a zaɓo alƙaluman da suka cancanci ambato, domin wanda ya jero lambobi ɗaya bayan ɗaya ba tare da wannan taƙaitawa ba ma'auni ya ajiye shi a wajen maki 5 a wannan fanni. Ya kuma ja mini kunne kada in bari jadawali ya cinye mini lokaci, tunda insha'in yana da nauyi ninki biyu a lissafin maki.

Saboda haka ƙorafina mafi girma shi ne ƙarancin wannan jan biro. A takardar talla an yi alƙawarin duba insha'i takwas ga kowane ɗalibi. Na miƙa takwas, biyar suka dawo, kuma uku ne kawai suka bi ta hannun dattijon. Sauran biyun sun dawo da lamba a sama da kalmar yabo, babu gyara ko ɗaya. Ban ga laifinsa ba, mutum ɗaya ba zai duba rubutun mutum 26 a yini ɗaya ba, laifin masu cibiyar ne da suka zuba kuɗinsu a sa'o'in lacca, wanda ke da arha, suka tsuke hannu a kan gyara, wanda shi ne ainihin abin da ɗalibi ba zai samu kyauta a waya ba. Daga mako na biyar sai na yi yarjejeniya da shi a gefe, da sanin ofis, ina biyan ɗan wani abu yana duba mini ƙarin insha'i biyu a mako. Wannan ƙarin kuɗi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na biya cibiyar ba, amma shi ya ɗaga mini rubutu.

Akwai kuma batun gwajin ƙarshe da aka yi mana a mako na bakwai, inda aka ba ni 7.5 a rubutu. Na kai wa dattijon takardar ba tare da na nuna masa makin ba, ya karanta ya ce 6.5 ce, in an yi rowa 6. Ban ce da gangan ake kumbura maki ba, amma na ga abokan karatu biyu da suka ruga suka biya kuɗin jarrabawa saboda irin wannan lamba, alhali kuɗin zama ɗaya ya fi albashin wata na yawancinmu. Makin karatu da sauraro na gwaji abin dogaro ne domin ƙirge ne kawai, na rubutu da magana kuwa darajarsa tana ga wanda ya bayar.

Wani kuskuren tsari shi ne haɗa kowa a aji ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ajinmu masu neman ƙaura zuwa Kanada ne, waɗanda nau'in jarrabawarsu daban yake: wasiƙa suke rubutawa a aikin farko maimakon jadawali, matanin karatunsu ya fi sauƙi, amma suna bukatar amsa kusan 34 kafin su kai 7. Duk ranar wasiƙa mu muna zaman banza, duk ranar jadawali su suna danna waya. Raba ajin gida biyu sau ɗaya a mako da ya magance wannan ba tare da an ƙara ko sisi ba. Ɗakin kwamfuta ma haka, na'ura 12 ga mutum 26, sai an yi layi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai zauna jarrabawar a kwamfuta, domin JAMB ta koya wa 'yan baya danna amsa ne kawai, ba ta koya wa kowa buga kalma 400 cikin awa ɗaya ba, kuma manhajar jarrabawar tana ƙirga wa mutum kalmomi amma ba ta gyara masa kuskuren harafi. Ni sai da na ari kwamfutar ƙanena ina bugawa rabin awa kowane dare. Takardun gwaji kuwa kwafe-kwafe ne na tsofaffin jarrabawowi, masu kyau a asalinsu, sai dai an yi ta kwafar kwafi har wasu zanukan ba a bambance layi da layi.

Abu ɗaya da zan yaba wa masu cibiyar a kai shi ne tsayuwarsu a kan masu damfara. A zauren WhatsApp na ajinmu wani ya turo lambar mutumin da ya ce yana samar da takardar sakamako ba tare da zama ba, nan take shugaban cibiyar ya goge saƙon, washegari kuma ya shigo aji ya bayyana cewa hukumomi da jami'o'i suna tantance kowane sakamako kai tsaye a rumbun masu jarrabawar, wato British Council da IDP da Cambridge, waɗanda suke gudanar da ita tun 1989, don haka takardar bogi ba ta wuce matakin farko. Bai kuma taɓa yi mana alƙawarin maki ba, ko da yake allon tallansu na bakin titi ya fi shi baki.

Na sake zama mako uku bayan kammala darasin, a kwamfuta, sakamako ya fito cikin 'yan kwanaki: 7.5 a karatu, 7.5 a sauraro, 7 a magana, 6.5 a rubutu, daidai yadda dattijon ya auna. Ya wadatar da abin da nake nema, kuma yana da rai na shekara biyu. Ga wanda karatu ke kayarwa, musamman wanda yake tsakanin 6 da 6.5, ina ba da shawarar wannan cibiya ba tare da jinkiri ba muddin malamar tana nan. Likitan da ke neman rajista da GMC, wato hukumar likitocin Birtaniya, wadda ke son jimillar 7.5 da aƙalla 7 a kowane sashe har da rubutu, ba na jin tsarinsu na yanzu zai kai shi sai ya nemi mai gyara na daban. Ƙanwata ungozoma za ta shiga zango mai zuwa, kuma na riga na je ofis na nemi a rubuta mana a rasit adadin insha'in da za a duba mata da ranar da kowanne zai dawo. Sun amince da shida, dukkansu ta hannun malamin Asabar.